Ungulu ta ƙaurace wa mayankanmu: wa ke kwashe mushe yanzu?

Mai_Lura_da_Tsuntsaye:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata magana da nake so masana su sa mata baki. Duk wanda ya ba shekara arba'in baya ya san ungulu a kwata, a bayan kasuwa, a kan rimi da giginya, har sai mahauta sun kora ta da sanda kafin su samu wurin feɗe saniya. Yau a yawancin mayankan Arewa sai mutum ya wuni bai ga ko ɗaya ba. Tun 2015 ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa irin ungulun da muka saba da ita a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. A ganina wannan asara ce babba, domin tsuntsuwar da muke kira ƙazama ita ce mai share mana ƙazanta. Tambayata: wa ya gaji aikinta? Kare da hankaka da tsutsa za su iya riƙe shi?

Likitar_Dabbobi:
Wa'alaikumus salam Malam. Ba za su iya ba, kuma dalilin yana cikin cikinta. Ruwan cikin ungulu yana da tsami ƙwarai, a ma'aunin tsami na pH yana tsakanin 1 da 2. Yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama ba sa fita da rai. Abu na biyu shi ne sauri. Tana hango mushe daga sama, 'yan'uwanta na ganin ta sauka su biyo ta, kafin nama ya yi nisa da ruɓa an cinye shi. A Laikifiya ta ƙasar Kenya, Darcy Ogada da abokan aikinta sun gwada ajiye mushe, wani ungulu na zuwa, wani ba ta zuwa. Wanda ba ta zuwa ya ɗauki kusan ninki uku na lokaci kafin ya ƙare, kuma kuraye da diloli da ke taruwa a kansa sun ƙaru kusan ninki uku, suna daɗewa suna cuɗanya da juna. A wannan cuɗanyar cuta ke tsallakawa daga wata dabba zuwa wata.

Bakatsine77:
Dakta ban ƙi ta taki ba, amma ni ban ga mushe ya taru a gari ba don babu ungulu. Karnuka na cinyewa, abin da ya rage rana ta busar da shi. Ina matsalar take?

Likitar_Dabbobi:
Matsalar ita ce karen da ka ambata, ɗan'uwa. Ungulu ta ci ta tashi ta hau bishiya. Kare ya ci ya shigo gida, yara su yi wasa da shi. In abinci ya yalwata masa, karya na haihuwa da yawa, 'ya'yan na rayuwa. Ciwon haukan kare kuwa, in alamunsa suka bayyana a jikin mutum, da wuya a tsira.

Malamin_Kimiyya:
@Bakatsine77 Indiya ce amsar tambayarka. A farkon shekarun 1990 ungulaye miliyoyi ne ke cinye shanun da suka mutu a can, tunda yawancin mutanen ƙasar ba sa cin naman saniya. Sai aka fara ganin suna zaune a bishiya wuya a langaɓe yana reto, su faɗo matattu. Wani iri mai farin baya ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. An yi ta zargin annoba, sai a 2004 Lindsay Oaks da tawagarsa, da suka yi aiki a Pakistan, suka tabbatar cewa maganin ciwon jiki ne na diclofenac da ake yi wa shanu allurarsa. In saniya ta mutu cikin 'yan kwanaki bayan allurar, maganin na nan a jikinta. Ungulu ta ci, ƙodarta ta tsaya, in aka feɗe ta sai a ga wani farin abu kamar garin alli ya lulluɓe hanta da zuciya. Abin tsoro a lissafin shi ne ba sai mushe da yawa sun gurɓata ba, ƙasa da ɗaya cikin ɗari ya isa ya jawo wannan ɓarnar, saboda kowane mushe tsuntsaye da yawa ke tarayya a kansa. Indiya da Pakistan da Nepal sun hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, aka koma ga meloxicam wanda ba ya cutar da su.

Bayan nan karnukan titi suka yawaita, mushe ya riƙa ruɓewa kusa da ruwan sha. A 2024 wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum kusan 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005.

Mai_Gadin_Daji:
Malam, bayanin Indiya daidai ne, amma kada jama'a su ɗauka diclofenac ne ya gama da tamu. A Afirka abu biyu ne kan gaba: guba da kuma cinikin sassan jikinta. Wani nazari da aka tattara rahotannin mutuwar ungulu daga ƙasashe da dama ya nuna kusan kashi 61 cikin 100 guba ce, kusan kashi 29 kuma farauta ce don magani da tsibbu, sauran yawanci wayoyin lantarki ne. Gubar ma kashi biyu ce. Akwai makiyayin da kura ko kare ya kashe masa dabba, ya barbaɗa maganin ƙwari irin Furadan a kan mushen don ya rama, ungulu ta riga kurar zuwa. Akwai kuma mai yi da gangan. A Botsuwana a 2019 an tsinci ungulaye 537 a mace kusa da gawar giwaye uku da mafarautan haure suka sa wa guba, don kada jewarsu a sama ta tona musu asiri. A Gini Bisau a 2020 an kashe fiye da 2,000, irin tamu ta mayanka, da yawa an sare musu kai.

Hajiya_Mai_Kaji:
Innalillahi. Kan ungulu kuma me ake yi da shi?

Mai_Gadin_Daji:
Hajiya, masu tsibbu ke saye, wai don sa'a ko ganin abin da ke ɓoye ko maganin taɓin hankali. Kai, ƙafa, gashi, ƙwai, har sheƙa ana sayarwa. Da ta yi ƙaranci a Najeriya sai dillalai suka fara shigo da ita daga Nijar da Chadi da Kamaru da Burkina Faso. Kuma ga abin da mutane ba su sani ba: in da guba aka kashe ta, gubar na nan a kai da maƙogwaron da ake daka wa mara lafiya ya sha.

Abin da ya sa ba ta farfaɗowa da wuri shi ne ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Ta kwanta a kansa kusan kwana 50, ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa, kuma sai ya shekara biyar ko fiye kafin shi ma ya fara haihuwa. Kwatanta da kazar Hajiya. In an kashe manya 50 a rana ɗaya, aikin shekaru ne aka rushe.

Tsohon_Malamin_Gandu:
Akwai gyara kaɗan ga Dakta da mai tambaya. Ana ta cewa ungulu kamar iri ɗaya ce. Wadda ke zuwa kwata ƙarama ce, nauyinta bai wuce kilo biyu da ɗoriya ba, bakinta siriri. Ba ta iya yaga fatar saniya. Aikinta tsince-tsince ne: guntun nama, kitse, hanji, mahaifa, abin da ya maƙale tsakanin ƙashi. Mai cinye saniya sukutum ita ce babbar ta daji, wadda magabata ke kira mikiya, mai dogon wuya da ke shiga cikin ciki. Akwai kuma wata mai ƙaton baki da jan kai mai tattara, ita ke fara yaga fata ta ci jijiya. Kowace da rabonta a jikin mushe ɗaya. Saboda haka asarar gari daban, asarar daji daban.

Likitar_Dabbobi:
Na karɓi gyara Baba, haka ne. Binciken Kenya da na kawo a kan manyan na daji aka yi shi.

Ɗan_Sarkin_Pawa:
Bari mu ma mahauta mu ce wani abu. Ko lokacin da ungulu ke cike da kwata, ba ita ke kwashe mafi yawan sharar ba. Babbar sharar mayanka ita ce abin da ke cikin tumbi, kuma wannan ciyawa ce da ba ta gama narkewa ba, ungulu ba ta cin ta. Babban sa ɗaya yakan fitar da kilo 20 zuwa sama. Ga jini kusan lita 10 ko fiye. In ana yanka shanu 100 a rana, tan biyu ke nan na kashin tumbi kullum. A wurare da yawa lambatu ake tura shi, ya toshe, ya bi ruwa zuwa rafi inda masu lambu ke ban ruwa. Wannan ko ungulu ta dawo gobe yana nan.

Malamar_Gona:
Madalla da wannan batu, Sarkin Pawa ƙarami. A nan ne aikin waɗanda ido ba ya gani ke shigowa, wato bakteriya da fumfuna, da kuma tana da gara da sauran ƙananan halittun ƙasa. Kashin tumbi taki ne mai kyau in an san yadda za a sarrafa shi. Shi kaɗai ya cika ruwa, iska ba ta shiga, shi ya sa yake wari. Ga yadda ake yi:

A shimfiɗa karan dawa ko na masara da aka sassara, kaurin taƙi ɗaya, don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. A zuba kashin tumbi kwando ɗaya, a bi shi da busasshen abu kwando biyu: ƙaiƙayi, buntun shinkafa, busasshen ganye, ɓawon gyaɗa. A ci gaba da jerawa har tsibin ya kai tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, faɗinsa ma haka. In ya gaza haka ba ya riƙe zafi. A rufe da ciyawa ko tsohon buhu, a inuwa.

Gwajin danshi da hannu ake yi: ka damƙi takin ka matse. In ruwa ya zubo, ya yi yawa, ƙara busasshe. In ya watse da ka buɗe hannu, ya bushe, yayyafa ruwa. In ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ke nan. A soka sanda har tsakiya a bar ta. Bayan kwana uku in ka zaro ta ka ji zafi a tafin hannu, aiki ya kankama. Zafin tsakiya yakan kai digiri 55 zuwa 65, shi ke kashe ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa. A juya duk bayan mako biyu, na gefe ya koma tsakiya. Wata biyu zuwa uku ya nuna: baƙi-baƙi, ya huce, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Inda ake kuskure: in ya yi warin fitsari mai hawa kai, kashin kaji ko jini ya yi yawa, naitirojin ne ke gudu a iska. In ya yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, iska ce babu, a juya. In garin katako ya yi yawa kuma aka kai gona bai nuna ba, ganyen shuka zai yi ɗorawa, domin ƙwayoyin da ke cin katakon na ƙwace naitirojin ɗin ƙasa su bar shuka da yunwa.

Hajiya_Mai_Kaji:
Malama, kajin da suka mutu fa? Yawanci bola ake jefa su.

Malamar_Gona:
Su ma ana binne su a tsibin, Hajiya. Busasshen abu kaurin santimita 30 a ƙasa, a jera kajin kada su taɓa juna, a nisanta su da gefe, a rufe da wani kaurin santimita 30. In an rufe da kyau ba wari, kare ba ya tonowa. Amma in mutuwar ta yi yawa lokaci ɗaya, ƙafa da tukku sun yi shuɗi, kada a taɓa, a kira jami'an lafiyar dabbobi, ana iya samun murar tsuntsaye.

Makiyayi_Mai_Karatu:
An manta da buzuzu. Saniya ɗaya tana kashi sau goma ko fiye a rana. Da damina je ka duba kashin jiya a makiyaya, ka ɗaga shi da sanda. Za ka ga ramuka a ƙarƙashi kamar an soka yatsa, da ɗan tarin ƙasa a gefe. Wanda muke gani yana mirgina dunƙule da ƙafafun baya shi ne ya yi suna, amma masu haƙa rami a ƙarƙashin kashin su suka fi kwashe shi. Suna shigar da shi ƙasa su yi ƙwai a ciki. Taki ya isa saiwa, ruwa ya samu hanyar shiga, ƙuda da tsutsar ciki su rasa wurin ƙyanƙyasa.

Ostireliya ta ɗanɗana rashinsa. An kai shanu can a 1788, buzuzun ƙasar kuwa ya saba da busasshen kashin kangaru ne, bai iya da na saniya ba. Kashi ya riƙa bushewa a kan ciyawa wata da watanni, ƙuda ya addabi mutane. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1980, a ƙarƙashin wani masani George Bornemissza, suka yi ta shigo da buzuzu daga Afirka da kudancin Turai, suka saki iri fiye da 40, kusan rabinsu suka zauna. Abin da muke takawa a hanya su da kuɗi suka nemo shi.

Likitar_Dabbobi:
Kuma a nan muna da namu irin na diclofenac. Allurar ivermectin da ake yi wa shanu barkatai tana fita ta kashi da ƙarfinta, tana kashe tsutsar buzuzu har tsawon makonni. Shawarar da ake bayarwa: kada a yi wa garke duka a rana ɗaya a farkon damina, lokacin da buzuzu ke hayayyafa. A zaɓi waɗanda suka rame ko ƙanana. In tsutsar ciki kawai ake nufi, albendazole bai kai shi illa ga buzuzu ba. A auna nauyin dabba kafin a ja magani, kada a yi da ka.

Ɗan_Tawa:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan gara ce ma'aikaciyarmu. A yankin Illela da Badagishiri na jihar Tawa, da tassa, wato ramukan shuka masu tare ruwa, aka raya fako da ko ciyawa ba ta fitowa. Mutanen Burkina na ce mata zai, kuma marigayi Yakuba Sawadogo na Yatenga shi ya yi suna wajen inganta ta. Da rani ake haƙa ramuka, faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tazara wajen 80, ana saɓa layi da layi. Ƙasar da aka haƙo a tara ta ta gefen gangare don ta tare ruwa. Kowane rami a zuba taki cikin hannu biyu. Hekta ɗaya na cin rami kusan 15,000. Gara na jin taki ta taho, ta huda fakon da hanyoyinta, ta ja takin ƙasa. Ruwan farko maimakon ya gudu sai ya bi ramukanta ya nutse. Bayan ruwa mai kyau a shuka hatsi ko dawa. Kuskuren da ake yi: zuba ɗanyen taki dab da shuka, yana ƙone tsiro. Kuma ba a yin ta a jigawa mai rairayi, ramin rushewa yake, ko a fadama inda ruwa ke kwanciya.

Bakatsine77:
Garar da ke cin rumbu da azara da littattafai? Ita ma yanzu ta zama abokiya?

Ɗan_Tawa:
Ita ce dai, amma iri-iri ce, kuma yawancinsu matacciyar ciyawa da itace suke ci. Sau da yawa tana afka wa shuka mai rai ne in an share gona ƙal an ƙone kara, ba a bar mata komai ba, ko fari ya raunana shukar. A rumbu a yi maganinta, a ɗora shi kan duwatsu. A fako a bar ta ta yi aiki. A ƙasa mai zafi da bushewa irin tamu tana ba ta da yawa sai a fadama, gara ce ke yin aikin da tana ke yi a wasu ƙasashe.

Alaramma_Na_Zaure:
Allah ya saka da alheri. A Suratul Ma'ida aya ta 31, hankaka Allah ya aiko yana tona ƙasa don ya nuna wa ɗan Adam yadda zai binne gawar ɗan'uwansa. Tsuntsun da ke cin mushe ne ya zama malamin mutum a wannan rana. Masu sayen kan ungulu don neman sanin gaibu kuwa, malamai na da aikin yi a kansu a mumbari.

Mai_Lura_da_Tsuntsaye:
Allah ya gafarta Malam, haka ne. Amma mu dawo kan tambayar farko. An nuna mana mai cin kashi da mai cin kara. Saniyar da ta faɗi a bakin gari fa? Buzuzu ba zai ɗauke ta ba.

Mai_Gadin_Daji:
Inda kura ta rage, tana yi. A Makale ta ƙasar Habasha an ƙiyasta kuraye na cinye fiye da tan 200 na sharar dabbobi a shekara a bayan gari, a Harar kuwa har ciyar da su ake yi. Kura na narkar da ƙashi, shi ya sa kashinta ke bushewa fari fat. Amma ba na jin akwai garin da zai yarda a dawo masa da kura. Don haka a gari aikin ya dawo kan mutum: binnewa, ƙonewa, ko tsibin taki irin na Malama. Ga saniya, shimfiɗar ƙasa da murfin sama kowanne ya kai santimita 60, a huda tumbi don kada ya kumbura ya fashe, a ba shi wata huɗu zuwa shida.

Likitar_Dabbobi:
Da sharaɗi ɗaya mai girma. In dabba ta faɗi farat ɗaya ba ta yi jinya ba, baƙin jini na fita ta hanci ko baki ko dubura kuma ba ya daskarewa, gawar ta kumbura da wuri ba ta sandare ba, a ɗauka ciwon saifa ne, wato anthrax. Kada a huda, kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa, kada a sa a taki. Ƙwayar cutar in ta sha iska tana yin wani kwanso da ke zama a ƙasa shekaru da dama. A toshe ƙofofin jikin, a rufe ta, a kira jami'ai, a ƙone ta ƙurmus a wurin ko a binne a rami mai zurfin mita biyu nesa da rijiya. An samu ɓullarta a arewacin Gana a Yunin 2023, sannan a wata gona a Suleja a Yulin shekarar.

Tsohon_Malamin_Gandu:
A nan ma masana ba su haɗu a kan ungulu ba. Wasu na cewa tana rage ciwon saifa saboda tana cinye naman kafin ƙwayar ta yi kwanso. Wasu, musamman a gandun Kuruga na Afirka ta Kudu, sun lura cewa bayan ta ci takan je wanka a wurin shan ruwan dabbobi da jini a gashinta. Ni na fi karkata ga cewa amfaninta ya rinjaya, amma kada mu ce ba ta da tata illar.

Malamin_Kimiyya:
A Nepal tun 2006 suka buɗe wuraren ciyar da ungulu, inda ake ajiye tsofaffin shanu har su mutu ba tare da an yi musu allura mai guba ba, a ba tsuntsaye. Me zai hana a gwada a kusa da Yankari ko dausayin Haɗeja da Nguru?

Mai_Gadin_Daji:
In babu tsaro, tara su wuri ɗaya sauƙaƙa wa dillalai aiki ne, cokali ɗaya na guba ya gama da su. A fara da kare bishiyoyin sheƙa da shawo kan masu maganin gargajiya, kamar yadda gidauniyar NCF mai kare muhalli a Najeriya ke zama da su don su koma ga itatuwa. Wanda kuma ya tarar da mushe da matattun ƙudaje zube kewaye da shi, ko tsuntsaye a mace da nama a baki da ƙafa a dunƙule, guba ce. Kada ya taɓa da hannu, ya kori karnuka da yara, ya ɗauki hoto, ya sanar da jami'an gandun daji, a ƙone mushen. Wadda ke da sauran rai a sa ta a inuwa cikin kwali, likitan dabbobi na iya ceto ta da allurar atropine in an yi sauri.

Ɗan_Sarkin_Pawa:
A wasu ƙananan kasuwannin ƙauye har yanzu akan ga biyu ko uku ranar kasuwa. In ana son ƙidaya, mahauta za su iya, a faɗa mana yadda ake yi.

Mai_Lura_da_Tsuntsaye:
Abu ne mai sauƙi. Rana ɗaya a kowane wata, lokaci ɗaya, da hantsi bayan an gama yanka. A tsaya wuri ɗaya minti 30, a rubuta adadi mafi yawa da aka gani a lokaci guda, na ƙasa da na kan bishiya da na sama, don kada a ƙirga ɗaya sau biyu. Ranar da ba a ga komai ba ita ma a rubuta sifili. A raba manya da yara: babba fuskarta ruwan hoda ce, takan yi ja in ta harzuƙa, gashin ƙeyarta fari-fari. Ƙarama kuwa fuskarta fari-fari ce mai ɗan shuɗi, ƙeyarta baƙi-baƙi. In ana ganin yara, akwai sheƙa a kusa. Wurin sheƙar kuma kada a rubuta shi a fili inda kowa zai karanta, a ba jami'an gandun daji kawai.